Awon Taku a Herwagana

Hansatu, 'yar ƙanena, ta zo hutu
da takarda mai layi-layi da waya a hannu.
Wai malaminsu ya ba su aiki:
su auna unguwa, su ba ta maki,
a ga ko mutum zai iya rayuwa cikinta
da ƙafarsa kaɗai.

Ta ce, Baffa, daga ƙofar nan zuwa kemis mita nawa?
Na ce ban san wata mita ba sai ta wuta.
Amma in Goggonki ta ɗora ruwan zafi,
nakan je in dawo da magani
kafin murfin tukunya ya fara rawa.
Rubuta haka.
Ta yi dariya, ba ta rubuta ba.

Mai ƙosai fa?
Yana isowa gida da zafinsa, yana ƙona yatsa.
Masallaci?
In ladan ya yi gyaran murya
ina samun sahun farko,
ko da gwiwar hagu tana ƙorafi.
Injin markaɗen Adda Dije kuwa,
jikata 'yar shekara bakwai
tana kai roba ta dawo, ko ɗigo bai zuba ba.
Ƙararrawar firamare ita ce agogona.

Wayar ta ce asibiti minti shida ne.
Na ce tashi mu je.

Muka bi ta bayan rumfar mai faci,
muka wuce inda Jauro Manu ke shanya wake,
sai ga kwari a gabanmu, baki buɗe,
wanda ruwan bara ya ƙara wa faɗi
har ya haɗiye rabin katangar tela.
Ga asibitin can, ana hango farin fentinsa,
kamar ka miƙa hannu ka taɓa.
A taswira ɗan zare ne miƙaƙƙe.
A ƙasa zagaye ne na minti ashirin da biyar,
in kuma da mai naƙuda kuke tafe,
Allah kaɗai ya san adadi.
Hansatu ta daɗe tana leƙen ramin:
tsohuwar katifa, ledoji, akuya ɗaya tana kiwo.
Sannan ta soke shidan da biro.

Dawowa ta fi tafiya tsawo,
ba laifin hanya ba.
Wanzami ya tsare mu da gaisuwa,
ina gajiya, yaya mai jiki, an ce Ladiyo ta sauka.
Mai shayi ya turo benci.
Wata tsohuwa ta kama haɓar Hansatu
ta ce wannan hancin na gidan su Bappayo ne.
Da muka shiga zaure ta ce,
Baffa, wannan jinkirin a wane layi zan sa shi,
ragi ne ko ƙari?
Na ce tambayi malaminku.

Ɗana ya gina mini gida a Tumfure,
tayil har banɗaki, ƙofar ƙarfe mai baƙin fenti.
Kwana uku na yi.
Allura, sai an hau acaɓa.
Gishirin naira hamsin, sai an hau acaɓa.
Na fito da la'asar na ƙirga katanga goma sha ɗaya,
ba wadda ta ce mini sannu.
Ƙafafuna suka kumbura don zama.
Na tattaro butata na dawo.

Da dare ta haɗa lissafinta.
Saba'in da ɗaya cikin ɗari ta ba mu.
Ta cire na kwarin,
ta cire na kwatar da ba ta da murfi,
da na titin da ba bishiya ko ɗaya,
inda rana ke dafa ƙeyar mai tafiya.
Ban yi musu ba. Gaskiya ta faɗa.

Da safe igiyar silifas ɗina ta tsinke,
wuyar jiya ce ta fito.
Na riƙe shi a hannu, ƙafa ɗaya a ƙasa,
na nufi gindin darbejiya wurin mai ɗinki.
Taku arba'in da uku.
Na ƙirga ne don ita.
Wannan kam ta rubuta.